Sayen gidan iyali a Kano: abin da ake dubawa kafin a duba fenti

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ni ma'aikaci ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata ma tana wurina. Mun daɗe muna haya a bakin titi, hayaniya ta ishe mu. Na tara kimanin naira miliyan 40, ina son gida ginanne a unguwa mai natsuwa inda yara za su tashi cikin kwanciyar hankali. Dillalai sun nuna mini gidaje a Hotoro da Rijiyar Zaki da wajen Mariri. Ta ina zan fara, kuma me zan duba?"

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Dillali in ya kai ka gida, abin da zai fara nuna maka shi ne get, sai tayil, sai adon silin, sai ya kunna fitilun falo. Takarda kuwa sai ka tambaya, ya ce "ai babu matsala, Alhaji." To kai ka juya tsarin. Takarda da ƙasar da gidan yake kai da layin da yake ciki su ne gaba, gini ya biyo baya. Kwano in yana yoyo ana sauyawa, bango in ya tsage ana gyarawa, amma babu magini ko kafinta da zai gyara maka maƙwabci, ko ya ɗauke gida daga hanyar ruwa.

Unguwannin uku da ka ambata duk ana samun wurin zama mai kyau a cikinsu, kuma duk ana samun inda ba zan ba ka shawarar kai iyali ba. Sunan unguwa ba ya gaya maka komai, layi ake saya. A Hotoro akwai ɓangaren da gwamnati ta tsara mai faɗin tituna, akwai kuma lunguna, akwai gefen da ke kusa da daffon mai na NNPC da titin Eastern Bypass inda tankoki da tireloli ba sa barci. A Mariri, gidan da ke cikin rukunin gidajen Danladi Nasidi daban yake da wanda ke bakin titin Maiduguri kusa da kasuwar goro. Rijiyar Zaki kuma tana rataye ne da titin Gwarzo, duk wanda zai shiga gari da safe sai ya bi ta Kabuga tare da jama'ar Jami'ar Bayero. Saboda haka kafin ka so gida, ka tashi daga ƙofarsa da ƙarfe bakwai na safe ranar Litinin, ka bi ta makarantar yara ka wuce wurin aikinka, ka ga minti nawa abin ya ci. Tafiyar da dillali ya kai ka ranar Lahadi da hantsi ba ita ce za ka riƙa yi ba.

Bambancin da ya fi kowanne nauyi a Kano shi ne na awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati fili ne da hukuma ta zana taswirarsa, ta fitar da tituna da magudanar ruwa, ta ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa, kowane fuloti da lambarsa. Awon igiya kuwa mai gona ne ya yanka gonarsa ya sayar, kuma duk ƙafa ɗaya da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa, shi ya sa za ka ga layi ya fara da faɗi ya ƙare a matse, wani ma ya toshe da katangar mutum. Ba duk awon igiya ne abin gudu ba, rabin garin a kansa yake zaune, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai ka gwada layin da ido: mota biyu za su iya giftawa? Motar yashe masai za ta shiga? Motar kashe gobara fa? In jikin Hajiya ya motsa da tsakar dare a watan Agusta, mota za ta iya zuwa har ƙofar gida ko sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi?

Natsuwar unguwa kuma ba a gane ta da zuwa ɗaya. Ka je da sassafe lokacin fitar 'yan makaranta. Ka je bayan sallar isha'i ka zauna wurin mai shayi har wajen sha ɗaya, ka ga su wa suke zama a bakin layin, me suke yi, wane wari ke tashi daga kangon da ke kusa. Ka je yammacin Juma'a ko Asabar, domin a nan ne za ka gane ko akwai ɗakin taron biki a bayan gidan. Ka je daren da ake buga babban wasan ƙwallo, gidan kallo ba ya ɓuya a irin wannan dare. In ka dace an ɗauke wuta kana wurin, to ka saurara da kyau, ka ji janareton wa ke jingine da bangon ɗakin da za ka kwana. Injin markaɗe, gidan burodi, masana'antar ruwan leda, mai walda, duk da rana ake ganinsu in an zagaya ta bayan gida, wanda yawancin masu saye ba sa yi.

Abin da ya fi wannan wuyar ganewa shi ne hayaniyar da ba ta zo ba tukuna. Duk fili ko kango da ke kusa da gidan, ka tambayi na wane ne, me aka ware shi domin a yi. Layin da ya haɗa manyan tituna biyu, ranar da aka zuba masa kwalta ya zama hanyar yanke ta 'yan Adaidaita Sahu, kuma yaro ba zai ƙara buga ƙwallo a ƙofar gida ba. Gidan da ke kan kwana a bakin faffaɗan titi ya fi tsada, amma tsadar ta shaguna ce, nan da 'yan shekaru maƙwabtanka za su fasa katanga su fitar da rumfuna. Haka aka yi a Zoo Road, haka ma gidaje da yawa a Nasarawa GRA suka koma makarantu da asibitoci da ofisoshi. Mai iyali ya fi dacewa da layi na biyu ko na uku daga babban titi, in da hali wanda ba ya ɓullewa ko'ina, inda duk motar da ta shigo ta mai gida ce ko ta baƙonsa. Gefen Sharaɗa da Challawa da Bompai kuma, inda masana'antu da majemu suke, ba ƙara kaɗai ake dubawa ba, har da wari da ruwan da ke bin kwata.

In za ka yi tambaya, kada ka ce "unguwar lafiya dai ko?" Kowa zai ce lafiya lau. Ka tambayi mai kanti yaushe rabon da a haura gidan wani. Ka tambayi nawa kowane gida ke biya na 'yan sintiri, kuma ana biya ɗin ko sai an yi rigima. Ka tambayi masu gida ne suka fi yawa a layin ko 'yan haya, domin layin da masu gida ke zaune shi ne ake haɗa kuɗi a yashe lambatu a gyara taransifoma. Ka yi salla a masallacin layin sau biyu ko uku, ka gaisa da liman. Sannan ka bar uwargida ta shiga gida biyu ko uku ta gaisa da matan maƙwabta. Abin da za ta jiyo cikin rabin awa, kan ruwa da sata da Islamiyyar da ke da kyau da gidan da yaransa suka gagara da ma dalilin da ya sa ake sayar da gidan, kai ba za ka ji shi a majalisa cikin wata guda ba.

Sai ƙasa. Gida a Kano da damina ake sayensa, ko aƙalla da damina ake ganinsa, musamman a Agusta, awa ɗaya ko biyu bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. In cinikin ya faɗo da rani, alamomin suna nan ga mai lura: zanen da ruwa ya bari a jikin katangu kamar an ja layi, gidajen da aka ɗaga bakin ƙofarsu da bulo ɗaya ko biyu, buhunan yashi da suka ruɓe a gefen get, fulasta da ke ɓarewa daga ƙasa da farin gishiri-gishiri a jikinta. Ka tsaya a tsakiyar layi ka dubi daɓen gidan. In ya yi daidai da hanya ko ya fi ta ƙasa, ka tuna cewa ranar da aka zo yin titi sai an yi ciko, hanya ta hau, gidan ya koma rami, ruwan layin gaba ɗaya ya riƙa sauka a tsakar gidanka.

Akwai kuma matsalar kududdufi, wadda Kano ta fi garuruwa da yawa fama da ita. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a da, an cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai an yanka fuloti. Shara tana ruɓewa tana zama a hankali, gini kuma yana bin ta. Alamarsa tsagewar da ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, da ƙofofin da ba sa rufuwa sai an daddage, da tayil da ya fashe a jere. Siririyar tsagewar fulasta mai kama da gashi ba abin damuwa ba ce. Wadda kan makulli zai shiga, ko wadda aka cike aka shafe da sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ita ce abin tsoro. Ka nemi dattijon da ya daɗe a wurin ka tambaye shi, "Baba, da can mene ne a nan?" Sannan a manhajar Google Earth ta kwamfuta ana iya komawa hotunan shekarun baya, in tafki ne a wurin za ka gan shi da idonka.

Ruwan sha kuwa akasin haka, a Maris da Afrilu ake gane gaskiyarsa. Famfon gwamnati daga Tamburawa ko Challawa bai kai ko'ina ba, inda ya kai ma ba kullum yake zuwa ba. Ka ƙirga kurar 'yan garuwa da ke shiga layin da safe, ka tambaye su daga ina suke ɗebowa da nawa suke sayar da jarka. Yawancin Kano a kan dutse take, shi ya sa wani zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. In an ce gidan yana da burtsatse, a kunna a gabanka a bar shi ya cika tanki, ka ga ko yana yankewa. Ka kuma auna tazarar rijiya da ramin masai, naka da na maƙwabta. Mafi ƙaranci mita 15, an fi son 30. Fuloti mai ƙafa 50 a kan 50 kuwa kowane gefensa mita 15 ne da 'yan kai, ka ga ke nan da wuya tazarar ta samu, kuma daga nan taifot ke shiga gida ana ta zargin abincin waje. Ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wuta ba sai na tsawaita ba. Layukan KEDCO an kasa su rukuni-rukuni: A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, a takarda dai. Tun Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya ninka fiye da sau uku, don haka ka san wanda za ka shiga. Ka karɓi lambar mita ko takardar bil ka je ofishinsu ka ga ko akwai bashi. In babbar wayar lantarki ta ratsa kusa, doka ta ware mata fili: mita 15 kowane gefe ga mai 132kV, mita 25 kowane gefe ga mai 330kV. Gidan da ya shiga cikin wannan tazara ko kyauta aka ba ka kada ka kai yara.

Yanzu takarda, inda mafi yawan kuka yake fitowa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama a kai, galibi na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce satifiket ɗin da ake kira C of O. Za ka tarar da gidaje iri huɗu a kasuwa: mai C of O, mai wasiƙar ba da fili ta gwamnati wadda ba a kai ga fitar mata da satifiket ba, mai takardar ƙaramar hukuma, da mai takardar ciniki kawai da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Darajarsu tana sauka ne a jere kamar yadda na lissafa, farashi ma ya kamata ya nuna haka. Sa hannun mai unguwa yana da amfani, shaida ce cewa an san cinikin a unguwa, amma ba ya hana gwamnati cewa wurin hanya ce ko filin makaranta.

Ganin takarda a hannun mai sayarwa ba bincike ba ne, ana buga na jabu masu kyan gaske. Ka ɗauki lauya naka, kada ka yarda da "lauyan mai gida zai rubuta mana gaba ɗaya." Shi zai ɗauki lambar fayil ya nemi bincike a Ma'aikatar Ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye na jihar, a ba shi amsa a rubuce: sunan wa ke kan fayil ɗin, an jinginar da gidan a banki ko a'a, akwai ƙorafi ko umarnin kotu a kai, an soke takardar ko tana nan, akwai bashin harajin ƙasa na shekaru, kuma filin na zama ne ko na kasuwanci. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta shelanta a sabunta takardun mallaka, don haka a duba ko an sabunta wannan. Bayan lauya sai safiyo. Aikinsa ya je da na'ura ya tabbatar cewa fulotin da ke cikin takarda shi ne wanda gidan yake kai, kuma katanga ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba. Yana faruwa takarda ta zama ta gaske, gida ma na gaske, amma takardar ta wani fuloti ce a layi na gaba. Sai kuma izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ka nemi ganin zanen da aka buga wa hatimi, ka gwada shi da abin da ke tsaye. Rusau ɗin da aka yi a Kano daga Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, ya shafi mutane da yawa da ke riƙe da takardu a hannu. Darasin da mai saye zai ɗauka shi ne ya tambayi asalin filin: in an yanko shi ne daga makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko jikin ganuwa ko filin wasa, gwamnatin da ta bayar ba ita za ta dawwama ba.

In sunan da ke kan takarda ba na mai sayarwa ba ne, wanda haka aka fi samu, to sai ya kawo sarƙar cinikin duka, daga mai sunan har zuwa kansa, babu gurbi. In ya ce asalin takardar ta ɓata ko gobara ta ci, ka dakata har lauya ya tabbatar ba a ɗakin ajiyar wani banki take ba. In wakili ne, misali mai gidan yana Saudiyya ko Legas, a ga takardar wakilci, kuma kai da kanka ka yi magana da mai gidan ta bidiyo a gaban shaidu.

Gidan gado sai an ninka hattara. Sau da yawa ya fi araha domin magada suna sauri a raba, amma araha ba ta ado in aka bar mutum ɗaya a baya. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata don kawai shi ne babba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci wadda ta lissafa magada, kowane baligi ya sa hannu da kansa, wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce, rabon marayu ƙanana kuma sai da izinin alƙali. In magaji ɗaya ne yake sayar maka da kasonsa a gidan da ba a raba ba, ka sani a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. In kuma matar mamacin tana zaune a ciki, ko akwai 'yan haya, kada ka biya cikon kuɗi sai gida ya zama fanko. Fitar da mutum bayan ka saya shari'a ce ta watanni, ga baƙin jinin da za ka fara zama da shi a sabuwar unguwa.

Ginin kansa, ka biya injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da alaƙa da dillalin, ku shafe awa biyu a ciki. Ka fi sa ido a kan gidan da aka gina domin sayarwa, mai sheƙi a waje. Buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo talatin da 'yan kai ana matsa shi ya fitar da hamsin ko fiye, irin wannan bulon in ka kankare shi da ƙusa a inda ba a yi fulasta ba, kamar bayan katanga ko cikin silin, sai ya riƙa zuba kamar gari. A sa tsani a leƙa cikin silin da tocila: hasken rana ta ramukan kwano, tabon ruwa, katakon da gara ta ci, duk a nan suke. A buɗe soket biyu ko uku a ga waya. Ta jan ƙarfe ake so, mai kauri 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko fiye ga na'urar sanyaya ɗaki da hita. Siririyar waya a inda ake jan wuta da yawa ita ce gobarar da ake cewa "wuta ce aka kawo da ƙarfi." A zuba bokitin ruwa a kowane banɗaki a ga inda ya nufa, a ƙwanƙwasa tayil da makulli a ji mai ƙarar fanko, a buɗe murfin sokawe a ga zurfinsa da cikarsa.

Tsarin gidan ma ka auna shi da iyalinka. Hajiya tana buƙatar ɗaki a ƙasa mai banɗakinsa, kusa da tsakar gida, ba tare da matakala ba. Yara huɗu, maza da mata, nan gaba kaɗan ɗaki biyu ne. Falon baƙi ya kasance da ƙofarsa ta waje. Ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga kai: in tagar benen maƙwabci tana kallon inda mata ke girki da shanya, za a rayu a takure, in kuma fili ne a gefen, ka ɗauka bene za a yi. Ɗakin kwanan da bangonsa ke fuskantar yamma yana riƙe zafin rana har tsakar dare a watan Afrilu, ɗakin da ke da taga a ɓangare biyu kuwa ko babu wuta ana iya barci.

Batun kuɗi: mai miliyan 40 ba gidan miliyan 40 yake nema ba, ya tsaya wajen 33 ko 34. La'adar dillali bisa al'ada kashi 5 cikin 100 ce, a kan miliyan 34 miliyan 1.7 ke nan, kodayake ana ciniki a kanta, kuma a yanke tun farko wa zai biya, domin ranar biya za ka ga dillalai biyar sun bayyana kowa yana cewa ta hannunsa aka bi. Mutum ɗaya za ka ba, su raba a tsakaninsu. Ragowar kuɗin na lauya ne da safiyo da injiniya da harajin hatimi da rajista da neman amincewar gwamna, sai gyaran da ba a rasawa da kuɗin tashi. Ka dage sai ka zauna da mai gidan ido da ido ka ji farashi daga bakinsa, saboda wani dillalin yana ɗora nasa a sama sannan ya karɓi la'ada. In kuɗin bai kai ba, ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF yana iya neman rance ta bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, a kan ruwa kashi 6, biya har shekara 30, mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tuntuɓi bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda a ciri har kashi 25 na asusun fansho a matsayin kason mai saye a rancen gida. Dukkansu sai gida mai takarda ingantacciya, awon igiya mai takardar dagaci ba ya shiga.

Dillali zai ce maka akwai wani Alhaji da zai biya gobe. Wataƙila akwai, wataƙila babu, ka bar shi ya biya. In dole sai ka ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, kuma a rubuta cewa za a mayar maka da shi cikakke in bincike ya nuna matsala, tare da ranar da wa'adin zai cika. Cikon kuɗin ta banki za a tura shi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a rubuta dalilin biyan a jikin turawar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, ga shi kuma takardar banki shaida ce da ba ta mutuwa ko ta yi tafiya. A zama ɗaya ake komai: a sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauyanka ya rubuta, shaidu na kowane ɓangare su sa hannu da lambar katin ɗan ƙasa, a miƙa maka asalin takardu da makullai, sannan kuɗi ya tafi. A rubuta farashin gaskiya. Masu rage shi a takarda domin gudun haraji, in ciniki ya warware a kotu, abin da aka rubuta shi za su iya nema.

In ka tambaye ni zaɓi tsakanin babban gida mai ado a awon igiya da madaidaici mai ɗaki uku ko huɗu a awon gwamnati mai C of O, a kuɗi ɗaya, na biyun zan nuna maka, ko da fentinsa ya tsufa, in dai akwai ɗan fili a baya da za a ƙara ɗaki nan gaba.

Bayan an karɓi makulli, mutane da yawa suna jefa takardu a akwati su ce an gama. Doka ta ce miƙa haƙƙin fili mai C of O sai da amincewar gwamna, kuma har sai an yi wannan an yi rajista, sunan tsohon mai gida ne a fayil ɗin gwamnati. In ya rasu kafin nan, sa hannun da za ka nema a wurin mutum ɗaya sai ka neme shi a wurin magada goma sha biyu. Don haka lauya ya shigar da takardun a cikin watan da aka yi ciniki. A satin farko kuma a sauya kwaɗuna da makullan get, a mayar da mita sunanka, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye kwafi a wani gidan daban, sannan ka ɗauki goro ka je ka gaida mai unguwa da liman da maƙwabtan dama da hagu kafin motar kaya ta iso.